Kunnen Injiniya Aldenor

Ba da kunne Aldenor ya san injin jirgin ruwan ya mutu ba, a gadon bayansa ya ji. Yana kwance a ragarsa ta kwanciya a benen sama, can gaban jirgi inda ƙara ba ta kaiwa sosai, ya cusa auduga a kunnuwansa biyu, sai rawar da ƙarfen jirgin ke yi tun daga garinsu Parintins ta ɗauke. Ya buɗe ido ya ga kowa ya leƙo kai daga ragarsa. Jirgin ya fara karkacewa, kogi yana jan sa baya zuwa inda ya fito.

Ya mayar da idonsa ya rufe. Ba ruwansa. Shi fasinja ne, ya biya kuɗin jirgi kamar kowa, kuma tun asuba ya zo ya yi kokawa da masu buhunan garin rogo kafin ya samu wannan ƙugiya ta gaba ya rataya ragarsa. Wanda ya makara shi ke kwana kusa da inji, ya isa Manaus kansa na amsa kuwwa.

Jibi da safe ake jiran sa a asibitin sojan ruwa. Rundunar tana ɗaukar injiniyoyi farar hula a matsayin hafsoshin ko-ta-kwana: a horar da mutum 'yan watanni, a koya masa fareti da sara wa manya, a liƙa masa igiyar laftanar, ya yi shekarunsa yana kula da injinan jiragen sintiri, albashi na shigowa duk ƙarshen wata, iyalinsa na zuwa asibitin soja. Aldenor ya ci jarrabawar rubutu. Ya yi gudun da aka ce ya yi, har ya tsere wa yaran da ya kusa haifa. Iyo kuwa, ɗan kogi ba a gwada masa iyo. An duba jininsa da haƙorinsa da idonsa, saura kunne kaɗai. Kuma an ja musu kunne, kada wanda ya kusanci ƙara ana gobe gwaji, a bar kunne ya huta.

Bana ce ta ƙarshe a gare shi. Rundunar ba ta ɗaukar wanda ya haura arba'in, shi kuwa kafin ruwan kogi ya sake cika zai haura. Tun da kamfanin ƙanƙarar da yake wa aiki ya rufe, digirinsa na rataye a bango, shi yana tsugune a bakin ruwa ƙarƙashin tamfol yana gyara injinan kwale-kwale, masunta na biyan sa da kifi. Matarsa Marinete ke riƙe da gidan da keken ɗinki. 'Yarsu Tainara tana son karatun jinya a Manaus, ta ma daina faɗa don kada ta ɓata wa ubanta rai. A unguwa kuwa tuni an naɗa shi, ko mai sayar da burodi "Laftanar" yake ce masa, rabi wasa rabi fata.

Aka girgiza igiyar ragarsa. Dona Zuleide ce, mai jirgin, mace mai jiki da jakar kuɗi ɗaure a ƙugu. Bakinta na motsi. Ya zare audugar kunnen dama.

"Na ce tashi, ɗan Firmino! Ko sai na watsa maka ruwa?"

"Lafiya, Dona Zuleide?"

"Ina lafiya? Bututun ruwan zafi ya fashe wa Bené a hannu. Makaniken nawa ke nan guda, ga shi can yana rawa ba kiɗa. Sauko ka duba mana."

"Ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Kunnena ba nawa ba ne sai jibi."

"Hannunka nake so, wa ya ce ka ba ni kunne?"

"Kin fi ni sanin ba a shiga ɗakin inji a bar kunne a waje."

Ta riƙe ƙugu ta dube shi. Ta san ubansa, ta san abin da zai yi a Manaus, duk Parintins ta sani. Ba ta yi masa faɗa ba, wanda da ya fi masa sauƙi.

"To shi ke nan, Laftanar, kwanta. Za mu ɗaure a jikin bishiya. Na yi magana da ƙanena ta rediyo, ya ce zai zo ya ja mu ranar Alhamis in ya sauke shanu. Kai yaushe ne naka?"

"Laraba."

"Laraba," in ji ta, ta juya ta tafi.

Ya zauna a bakin raga, ƙafafunsa na lilo. Ya dubi kogin, ba komai sai ruwa ja da daji, ko kwale-kwale ɗaya babu. Waya ba ta kamawa a nan. Ko da wani jirgi ya wuce, ba mai tsayawa ya kwashi fasinjan wani, su ma a cike suke har rufi. Gaba kura, baya sayaki: in ya sauka ɗakin inji ya ɓata kunnen da za a gwada, in ya kwanta ya adana kunnen da ba wanda zai gwada. Wata tsohuwa mai kaji a kwando tana kallon sa daga ragar da ke kusa, ta riga ta ji shi ne injiniyan. Cikin ɗan lokaci duk benen ya ji.

Ya jawo jakarsa ya zura hannu ƙarƙashin farar rigar da Marinete ta goge, ya zaro doguwar sukudirebar mahaifinsa. Jiya da yamma Marinete ta cire ta daga jakar ta ajiye a kan firji, ta ce da muryar nan tata da ake ji har gidan maƙwabta, "Sau ɗaya dai a rayuwarka ka bar wannan abu a gida!" Ya yi dariya, da ta shiga wanka ya mayar. Haka gidansu yake, kowa da ƙarfi yake magana. Tun zamanin tsoho Firmino ne, wanda shekaru talatin a ɗakin inji suka kurumtar, sai an yi ihu yake ji. Tsohon ya rasu shekara biyu ke nan, amma sabo turken wawa, har yau in Marinete ta tambayi Tainara ina gishiri, sai maƙwabciya ta amsa ta kan katanga.

Ɗakin injin kamar tanda yake. Bené na zaune a kan bokiti, an shafe masa hannun dama da man goge baki an naɗe da tsumma, gumi na zuba daga gemunsa.

"A'a, ga sojan ruwa ya iso," in ji shi yana cije leɓe. "In sara maka da hannun hagu, ko haramun ne?"

"Rufe min baki. Me ka yi wa na'urar nan?"

"Ni me na yi mata? Tsohuwa ce, ta girmi uwata. Tun bara nake cewa a canja famfon ruwa, Dona Zuleide ta ce bayan biki. An yi biki, an yi wani bikin."

Aldenor ya tuɓe rigarsa ya durƙusa. Aikin bai ɓoye kansa ba. Boris ɗin famfon da ke sanyaya inji ya cinye, famfon ya cije, ruwa ya tafasa ya nemi hanya ta bututu. Sabon boris kuwa babu, sai dai addu'a. Ya kwance wani daga tsohon janareto da ke kwance a lungu, ya gwada, ya ɗan yi sako-sako. Ya yanko gwangwanin madara ya yi masa ciko, ya ɗaure bututun da robar taya da waya. A jami'a ba a koyar da wannan, a wurin Firmino ya koya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kafin la'asar ta yi sanyi ya ce a tayar.

Injin ya yi tari biyu ya kama. Daga sama aka ji tafi da shewa. Aldenor ya yi sauri ya mayar da auduga, ya ɗauki rigarsa zai hau tsani, sai ya ga Bené na kallon famfon, ba ya kallon sa. Ya san abin da Bené ya sani. Boris ɗin aro ba ya mutuwa da sallama a ido, a kunne yake sallama. Kafin ya cije yakan canja murya, ya yi wani siririn kuka, a lokacin ne za a rage gudu a ɗura masa giris. In ba a ji kukan ba ya cije, wannan karon ba famfo kaɗai zai tafi ba. Dole wani ya zauna yana saurare har Manaus, kuma da rabin gudu za a tafi.

"Kai fa?" ya yi wa Bené ihu.

Bené ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa, sannan ya nuna kunnensa ya girgiza kai. "Zazzaɓi ya fara rufe ni, ɗan'uwa. Kuma ni ko lafiyata ƙalau ba na jin abin da 'yan gidanku ke ji."

A jikin ƙusa, sama da tankin mai, akwai abin toshe kunne irin na kamfani, mai kama da kofuna biyu. Tun ranar da masu duba jirage suka tilasta aka saya yake rataye a nan, har zanzaro ya yi gini a cikin ɗaya. Ba makaniken kogi da ke sa shi. Wanda ya sa, har ya mutu ana ce masa ɗan makaranta, kuma gaskiyarsu ce ta wani gefen, don wanda ya toshe kunne a gaban tsohon inji ya rufe ido ne a kan hanya. Aldenor ya kai hannu ya taɓa shi, ya bar shi a inda yake.

Ya gwada dabara. Ya ɗora tafin hannu a kan famfon ko zai ji ta fata. Zafi kawai ya ji da rawar injin gaba ɗaya. Ya ɗora tsinin sukudireba a kan gidan boris, ya manna ƙotar a kunnensa ta kan auduga, ya ji kamar ana magana a ɗaki na uku. Ya tsaya jim. Sannan ya zare audugar kunnen dama ya sa a aljihu, ya manna ƙotar itacen da kunnen ubansa ya siɗe har ta yi sheƙi. Nan take cikin injin ya buɗe masa, kowane ƙarfe da muryarsa, boris ɗin aro na gurnani a ƙasa-ƙasa. Abin haushi, daɗi ya ji. Duk duniya ba abin da ya iya kamar wannan.

Ya ce a ransa zai riƙa hawa sama yana hutawa. Sau ɗaya ya hau, bai gama shan kofin da tsohuwa mai kaji ta miƙo masa ba ya ji rawar jirgin ta canja a tafin ƙafarsa, ya sauka da gudu ya tarar boris na kuka. Daga nan bai ƙara hawa ba. In kunnen dama ya gaji ya juya na hagu. Aka kwana aka wuni ana rarrafe a kan ruwa, ranar da ya ware don ya kwanta shiru a gidan ɗan kawunsa ta ƙare a gaban inji, aka sake kwana. Dona Zuleide da kanta take sauko masa da soyayyen kifi da garin rogo, ta ajiye ta koma.

Da hantsin Laraba suka ɗaure a tashar Manaus. Da aka kashe injin, ƙarar ba ta mutu ba, ta koma cikin kansa ta zauna, wani siririn fito mara yankewa. Ya yi wanka da bokiti a bayan jirgi, ya goge giris da sabulun wanki iya abin da zai fita, ya sa farar riga. A bakin tsani Dona Zuleide ta riƙe hannunsa da hannu biyu tana magana mai tsawo, idonta ya kawo ruwa. Ya ga bakinta ya ce "Allah", ya ga ya ce "Firmino". Ya ce amin, ya tare ɗan acaɓa.

A asibitin an jera su a kan benci a wani dogon baranda mai sanyi, samari masu sabon aski, kowa da fayil a cinya. Aldenor ya zauna a ƙarshe yana haɗiyar yawu, yana buɗe baki yana rufewa ko kunnen zai buɗe. Ya ɓoye farcensa a ƙarƙashin fayil. Yana cikin haka na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa ya nuna ƙofa. Wani saja na tsaye da takarda a hannu, fuskarsa ta nuna ba kiran farko ba ne, ba kuma na biyu ba.

Likitar mace ce 'yar siririya mai furfura a gaban goshi, an rubuta Okamoto a ƙirjin rigarta. Ta leƙa kunnuwansa da 'yar fitila, ta shigar da shi wani akwati mai kama da firjin kamfanin ƙanƙara, bango duk soso, da 'yar taga ta gilashi. Ta sa masa abin ji a kunne, ta ba shi wani maɓalli a hannu.

"Duk lokacin da ka ji sauti, komai ƙanƙantarsa, ka danna."

Ta rufe ƙofa. Sautin farko mai kauri ne, ya ji, ya danna. Na biyu ma ya danna. Zuciyarsa ta ɗan kwanta. Sautin ya riƙa sirancewa yana hawa, ya bi shi, ya bi shi, sai ya ɓace a cikin fiton da ke kansa. Ya jira. Ya runtse ido ya tattara duk hankalinsa, irin yadda yake nemo boris guda a cikin ƙarafa ɗari. Ba komai. Ko kuwa akwai? Ya danna. Ya sake jira, gumi na bin bayansa cikin rigar da Marinete ta goge. Ya buɗe ido ya saci kallon taga ko zai ga hannun likitar ya motsa, ya tarar ta sa allo ta kare hannun, ba yau ta fara ganin irinsa ba. Ya danna, ya kuma dannawa. Bai taɓa jin kansa ba shi da dabara kamar a cikin wannan akwati ba, ba abin kwancewa, ba abin ɗaurewa, ba inda zai ɗora sukudireba.

Ƙofa ta buɗe. Ta zaunar da shi a kujera, ta juyo ta fuskance shi sosai kafin ta yi magana, kuma ya lura da hakan.

"Injiniya Pantoja, sau da yawa ka danna ban saka komai ba."

"Likita, ki saurare ni, don Allah. Daga ɗakin inji nake. Jirginmu ya lalace a hanya, makaniken ya ƙone, in ban shiga ba da yanzu muna ɗaure a jikin bishiya. Kwana biyu kunnena na kan ƙarfe. Dubi hannuna." Ya baje mata farcen da ya wuni yana ɓoyewa. "Kunnena lafiya lau yake. Ki tambayi kowa a Parintins, daga bakin ruwa nake gaya wa masunci abin da ke damun injinsa tun bai iso ba. Ki ba ni kwana uku kawai."

Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta ce ya koma akwatin. Wannan karon wani ƙarfe ta ɗora masa a ƙashin bayan kunne, ta sake bi da shi tun daga farko, a hankali, har sajan ya leƙo sau biyu. Da ya fito ta juyo masa da takardar, layi biyu, ja da shuɗi, sun taho a miƙe sannan suka gangara rami a wuri guda.

"Kana da damar ɗaukaka ƙara, a sake gwada ka mako mai zuwa. Zan rubuta maka, kuma zan rubuta abin da ya faru a jirgi, don na yarda da kai. Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Hutu zai ɗago layin nan kaɗan, zuwa nan." Ta ɗora biro. "Rundunar kuwa nan take so." Ta ɗaga biron sama, tazarar ta kai faɗin yatsa biyu. "Wannan ramin ba na kwana biyu ba ne, Injiniya. Shekaru suka haƙa shi."

"Ba zai yiwu ba."

"Sauti mai kauri kana jin sa fiye da ni ma, shi ya sa inji ba ya ɓoye maka komai. Siraran ne suka tafi. Yaushe rabonka da jin kukan gyare?"

Ya ɗan yi dariya, don tambayar ta ba shi dariya. "Ai babu gyare a unguwarmu yanzu. Tun da aka yi feshin sauro suka ƙare."

Ta dube shi kawai, irin kallon da ake yi wa wanda bai ji labarin rasuwa ba tukuna. Dariyar ta bushe a bakinsa.

"Ba magani?"

"Akwai na'urar da za ta taimaka maka a gida. Amma ba a ɗaukar hafsa da ita." Ta sa hannu a takardar. "Ka daina shiga ɗakin inji ba kariya, ko don ka tsira da sauran."

Ya so ya tambaye ta to me zai ci, sai ya ga ba ita ta kar zomon ba. Ya yi godiya, har da ɗan rusunawa, ya fito ta gaban samarin nan masu sabon aski, kowa ya sunkuyar da kai kan fayil ɗinsa.

A waje rana ta take. Ya samu benci a ƙarƙashin bishiyar mangwaro kusa da tashar bas ya zauna, wani dattijo na gefe yana ɓare lemo. Ta leƙo ta koma ke nan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba shi da wanda zai zarga. Tun daga tashar jirgi yake tanadin fushinsa, na Dona Zuleide da rowarta, na Bené, na boris ɗin aro, ga shi likita ta karɓe fushin ta bar shi hannu rabbana. Ko da ya kwanta a ragarsa kamar sarki har Manaus, ramin na nan yana jiran sa. Ya ɗaga kai ya ga tsuntsaye cike da mangwaron, ƙanana, bakinsu na buɗewa yana rufewa. Ya daɗe yana kallon su.

Waya ta yi rawa a aljihunsa. Marinete ce.

"Aldenor! Kwana biyu ina kira ba ta shiga! An ce jirginku ya lalace! Ka isa? An yi?"

Dattijon mai lemo ya waigo, ya dubi wayar, ya ɗan matsa gefe yana murmushi. Duk abin da ta faɗa ya ji. Aldenor ya janye wayar daga kunnensa ya dube ta, ya mayar.

"An yi."

"To? Yaya? Yi magana mana, Tainara na nan tsaye a kaina!"

"Ce mata ta ba mu wuri."

Ya jira. Ya tuna yadda Marinete ke taɓa kafaɗarsa kafin ta fara magana. Ya tuna a coci kullum ita ke zaɓar musu bencin gaba, ta ce don iska. Ya tuna Tainara na maimaita masa abin da mai shago ya ce, shi kuwa yana cewa yaran zamani ba sa buɗe baki in suna magana. Ya tuna sukudireba a kan firji.

"Ta fita! Ina jin ka!"

"Marinete, me ya sa kike ihu?"

"Wane irin ihu? Haka nake magana!"

"Ba haka kike magana ba da na aure ki. Baba ya rasu shekara biyu ke nan. Wa kuke yi wa ihu a gidan nan?"

Bas ta zo ta tsaya, dattijon ya tattara ɓawon lemonsa ya shiga, ta tafi. Aldenor ya danna wayar a kunnen dama har ta yi masa zafi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin Baba ya kwanta," in ji ta. Muryar ta ragu, amma yana ji.

"Kika bar ni na yi ta gudu a bakin kogi kamar mahaukaci? Kika bar unguwa na ce min Laftanar?"

"In ce maka me, Aldenor? Shekara nawa rabon da in ga ka tashi da safe kana waƙa? Na kunna kyandir a coci, na saya maka auduga. Na ce ko Allah zai sa na'urar tasu ba ta kai ni lura ba."

Ya rufe ido. Can sai ya ji ta ci gaba da magana ƙasa-ƙasa, da muryarta ta ainihi, wadda ya bi har gidan ubanta shekara ashirin da suka wuce. Ta yi magana mai ɗan tsawo, ta tsaya, ta ƙara wani abu. Ya ji tashin muryar da saukarta, ya san kuka take yi, ya san kuma abin da take faɗa ba ta taɓa faɗa masa ba. Ko kalma ɗaya bai kama ba. Ya juya wayar zuwa kunnen hagu, ya toshe na dama da yatsa, amma ta riga ta gama.

"Na'am?" in ji shi.

Ya ji ta ja hanci, ta gyara murya.

"Na ce ka ci abinci?"